Tambaya da Amsa: Wayar da Ba Ta Fito Kasuwa Ba Ta Faɗo Hannunka, Me Doka Ta Ce?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan abu ɗaya: samfurin gwaji, wato waya ko wata na'ura da masu ita ba su kai ga fitar da ita kasuwa ba, da abin da ke iya samun wanda ya riga su nuna ta ga duniya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

TAMBAYA, daga wani mai gyaran waya a PZ, Zariya: Assalamu alaikum. Wani kwastoma ya kawo mini waya in canza mata sikirin. Ba ta da suna a baya, sai wata 'yar takarda mai lambobi da aka manna, da rubutun Turanci da ke cewa ba ta sayarwa ba ce. Ya ce a cikin kayan gwanjo ya same ta. Na tura hotonta ga wani abokina a Legas, sai ya ce ai wannan ba ta ma fito ba, akwai mai ba ni kuɗi masu kauri in na buɗe ta na ɗauki bidiyon cikinta, ko in sayar masa da ita gaba ɗaya in biya kwastoman wata. Akwai laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ba ɗaya ba ne.

Mu fara da tabbatar da abin da ke hannunka, domin ba kowace waya marar suna ce samfurin gwaji ba. Da yawa jabu ne kawai, ko an sauya musu murfin baya. Ta gwaji tana da alamu. Takan zo da takardar lambobi a baya ko a kan batir, wani lokaci da lambar da aka zana a jikin ƙarfen gefe. A kan fanel, wato allon kayan cikin wayar, ko a kan takardar kakan ga haruffa uku: EVT, DVT ko PVT. Matakan gwaji ke nan bi da bi: na farko ana duba ko kayan ciki suna aiki, na biyu ana gwada siffa da ƙarko, na uku ana gwada layin ƙira a masana'anta kafin a buga da yawa. Idan ka kunna ta, sau da yawa za ka ga wasu lambobi shara-shara suna yawo a kan sikirin ko sun tsaya a kusurwa, da manhajojin gwaji da babu su a wayoyin kasuwa. Wasu kuma ana saka su cikin kwanso mai kauri don a ɓoye siffarsu. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15. Ta gwaji takan nuna lambar da ba ta dace da kowane samfurin kasuwa ba.

In alamun nan sun taru, to ka ɗauka cewa wayar har gobe ta kamfanin ce. Ba a sayar da irinsu. Ana ba ma'aikaci ko mai gwaji ne da sa hannu, a kan zai mayar. Duk hanyar da ta bi ta shigo cikin kayan gwanjo, akwai inda wani ya karya alƙawari ko ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Ga inda doka ta shigo. A tsohon kundin dokar laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, sashe na 316 ya ce kayan sata ba wanda aka sace kaɗai ba ne, har da wanda aka ci amana a kansa ko aka karkatar da shi. Sashe na 317 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi irin wannan kaya ko ya ci gaba da riƙe shi da mugun nufi, alhali ya sani ko yana da dalilin da zai sa ya yarda na sata ne. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, lambobin sassan sun sauya, amma laifuffukan suna nan. Ka lura da wannan magana ta "yana da dalili". Mai gabatar da ƙara ba sai ya shiga zuciyarka ba. Rubutun da ke bayan wayar, da saƙon da abokinka ya turo yana cewa ba ta fito ba, sun isa su nuna ka sani. Ranar da aka kawo maka ita ba ka da laifin komai. Daga lokacin da ka gane, lissafi ya sake.

Sayar da ita kuwa ya fi muni, domin amana ce a hannunka. An ba ka ne don gyaran sikirin. In ka sayar ba da yardar wanda ya kawo ba, ko da ka saya masa wata sabuwa fil a kwali, cin amana ne, wanda a tsohon kundin sashe na 312 ya sa wa ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Idan kuma ka shiga cikinta kana kwafe manhajoji ko fayiloli don mai sayen, ka kusanci sashe na 6 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wanda ya yi maganar shiga na'ura ba izini da nufin samo sirrin kasuwanci ko na masana'anta, da ɗaurin har shekara 7 ko tarar har naira miliyan 7 ko duka biyu.

An taɓa yin kusan irin wannan a Amurka, kuma yadda ta ƙare abin dubawa ne. A watan Maris na 2010 wani injiniyan Apple ya manta da samfurin iPhone 4 a wata mashaya a garin Redwood City na jihar Kalifoniya. An saka ta cikin kwanson da ya sa take kama da iPhone 3GS. Wani matashi ya tafi da ita gida, kamfanin ya kashe ta daga nesa, daga baya kafar labaran fasaha ta Gizmodo ta biya dala 5,000 ta karɓa, ta warware ta, ta wallafa hotuna ranar 19 ga Afrilu, wata biyu kusan kafin a ƙaddamar da wayar a watan Yuni. Kwana huɗu bayan wallafar, 'yan sanda suka fasa ƙofar gidan editan da takardar izinin bincike, suka kwashe kwamfutocinsa. A ƙarshe ba a gurfanar da kowa daga Gizmodo ba. Waɗanda suka sha ɗawainiyar kotu su ne matashin da ya tsinta da abokinsa da ya taya shi neman mai saye. A 2011 aka yanke musu shekara guda a ƙarƙashin sa ido, da awa 40 na aikin gayya, da biyan Apple dala 250 kowannensu. A Sin hukuncin ya fi zafi: a shekarar 2011 wata kotu a Shenzhen ta ɗaure mutum uku daga wata 12 zuwa 18 saboda fitar da bayanan kwanson iPad 2 daga masana'antar Foxconn, mai ƙera wa Apple kaya.

A wannan ciniki da ake yi maka tayi, kai ne a matsayin matashin nan, ba editan ba. Mai sayen yana da lauyoyi da hujjar cewa aikin jarida yake yi. Kai kuwa shagonka a san yake, kuma lambar da ke jikin wayar za ta fito a bidiyon. Kamfani ya san wa ya ba wannan lamba, ranar nawa, a wace ƙasa, daga nan sai bin sawu. Ko ka rufe takardar baya da yatsa, lambobin da ke yawo a sikirin suna nan, hoton da ka ɗauka kuma yana ɗauke da bayanin wayar da ta ɗauke shi, da lokaci, wani sa'in har da wuri.

Abin yi: kada ka buɗe ta fiye da abin da gyaran ya buƙata, kada ka yi mata falashin, wato sake mata manhaja. Da ma da wuya ka sami sikirin da ya dace da ita a kasuwa, wannan kaɗai ya ishe ka dalilin mayarwa. Rubuta a littafin shago ranar da ta shigo, sunan mai kawowa da lambar wayarsa, da IMEI. Kira shi, gaya masa abin da ka gani a gaban shaida, zai fi kyau a gaban wani daga shugabannin ƙungiyarku, ka ba shi shawara ya tuntuɓi ofishin kamfanin ko ya kai ta caji ofis ya karɓi takardar shaida. Ya sa hannu cewa ya karɓi kayansa. Abokin na Legas kuma ka rubuta masa a fili cewa ba ka yarda a wallafa hoton da ka tura masa ba, ka ajiye wannan saƙo.

TAMBAYA, daga wani mai Keke Napep a Kwangila: Ni fa in tsintar abu na yi a bayan kekena, ba sata na yi ba. Ba nawa ba ne?

AMSA: Ba naka ba ne tukuna, ɗan'uwa. A tsohon Final Kod, sashe na 308 da na 309, mai tsintuwa da ya mayar da abu nasa alhali yana da hanyar gano mai shi ya yi laifin karkatar da dukiya, ɗauri har shekara 2. A fiƙihu ma hukuncin tsintuwa mai daraja sananne ne: cigiya shekara guda. Waya kuwa ta fi yawancin tsintuwa sauƙin gano mai ita. Ka bar ta a kunne, ka sa mata caji, ka ɗaga in an kira, ka sanar a ofishin ƙungiya a tasha. In kwana biyu uku ba labari, ka kai wa 'yan sanda ka tabbata an rubuta a littafi. Cire layi da kashe waya su ne abu na farko da ake kawowa a kotu don nuna mugun nufi.

TAMBAYA, daga wani matashi a Samaru mai yaɗa labaran wayoyi a Facebook da YouTube: Wani da ya ce yana aiki da wani kamfanin waya ya turo mini hotuna da bayanan sabuwar wayarsu ta Telegram. Ban biya ko kobo ba, ban roƙa ba, ban sa hannu a wata takarda ba. Sashe na 39 na tsarin mulki bai ba ni 'yancin faɗin abin da na sani ba?

AMSA: Ya ba ka, amma ka karanta shi har ƙasa. Ƙaramin sashe na 3 na wannan sashe na 39 ya ce 'yancin bai rushe dokar da aka yi don hana tona bayanin da aka karɓa bisa amana ba. Wannan ita ce ƙofar da kamfani zai bi.

Nijeriya ba ta da doka guda ta musamman a kan sirrin kasuwanci irin wadda Amurka ta yi a 2016. Kotunanmu suna aiki ne da ƙa'idar da muka gada daga Ingila a kan tona amana, wadda wata shari'a ta 1968 tsakanin Coco da kamfanin Clark ta tsara. Abu uku mai ƙara zai nuna: bayanin sirri ne da gaske, ba abin da kowa ya sani ba, an ba da shi a yanayin da ke nuna amana ce, an kuma yi amfani da shi ba izini ta yadda ya cutar da mai shi. Abin da ya shafe ka shi ne wannan: amanar ba ta tsaya a kan wanda ya sa hannu ba. Wanda aka miƙa wa bayanin, in ya san ko ya kamata ya san ta hanyar cin amana ya fito, shi ma ta hau kansa. Mutumin ya gaya maka da bakinsa ma'aikaci ne. In hotunan suna da tambarin sirri a jiki, magana ta ƙare.

Wannan ƙara ce ta neman haƙƙi, ba ta ɗauri ba. Abin da kotu ke iya yi shi ne ta hana ka wallafawa tun kafin a saurari shari'ar, ta sa ka miƙa ko ka goge abin da ke hannunka, ta sa ka biya diyya ko ka lissafa kuɗin tallan da bidiyon ya kawo ka mayar. Inda take rikiɗewa ta koma laifi shi ne in ka biya, ko ka zuga. "Turo mini hoton fanel ɗin ma, zan saka maka kati" jimla ce guda, amma ta ɗauke ka daga wanda labari ya iske ta kai ka sahun wanda ya sa aka yi.

Shari'o'in Amurka sun nuna wannan iyaka sarai. A 2006 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta hana Apple tilasta wa wasu marubutan intanet su bayyana majiyarsu, ta ce kariyar da dokar jihar ta ba 'yan jarida ta haɗa da su. Amma a Janairun 2005 kamfanin ya kai ƙarar kafar Think Secret, wadda wani ɗalibin jami'ar Harvard ke gudanarwa, bisa zargin tana neman ma'aikata su kawo mata sirri. Aka sasanta a Disamban 2007, kafar ta rufe, majiyar dai ba a bayyana ta ba. A Yulin 2025 kuma Apple ta kai ƙarar Jon Prosser, wani sanannen mai fallasa a YouTube, kan iOS 26, tsarin manhajar iPhone. Zargin ba wai ya faɗi labari ba ne, cewa aka yi an shiga wayar gwajin wani ma'aikaci ba da saninsa ba aka nuna masa abin da ke ciki. Shi ya musanta cewa ya ƙulla hakan. Darasin da ke cikin ukun tambaya ɗaya ce: ta yaya abin ya zo hannunka? Kariyar Kalifoniya kuma, kada ka manta, ba ta tsallako teku ba.

A gaskiyar magana, ba mu tsammanin wani kamfani daga Shenzhen ko Kalifoniya zai fara da kawo takardar sammaci Samaru. Yana da hanyar da ta fi arha, kuma ta fi saurin yi maka illa. Hotunan talla da aka fitar kafin lokaci nasa ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, sai kawai ya aika wa YouTube ko Facebook takardar neman a sauke. A YouTube, gargaɗin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90 na iya jawo rufe tasha da duk bidiyoyinta. Akwai fom na ƙalubalantar saukewar, matasa kuma sukan cika shi cikin fushi ba su karanta ba. A ciki kana ba da cikakken sunanka da adireshinka, za a miƙa wa mai ƙorafin, kana kuma amincewa a yi shari'a da kai a kotun tarayya ta Amurka. In mai ƙorafin bai shigar da ƙara ba cikin kwanakin aiki 10 sai a mayar da bidiyon. In ya shigar, kai ka ba shi igiyar. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta kawo tsarin neman saukewa, ta kuma yarda da amfani daidai gwargwado don ba da labari ko sharhi. Sai dai aikin da mai shi bai taɓa fitarwa ba, hujjar tana rauni a kansa.

Shawararmu a aikace. Labarin da manyan kafafe suka riga suka buga ya fita daga sirri, ka ba da shi da kalmominka ka faɗi inda ka gani, kada ka kwashi hotunan. In kai ne na farko, tambayi kanka me jama'a za su rasa in ka yi shiru. Takardar da ke nuna batir yana kama wuta kamfani yana ɓoyewa, irin matsalar da ta sa aka janye Galaxy Note 7 a 2016, maslahar jama'a ce da kotu ke saurare. Launin murfi da yawan kyamara sha'awa ce kawai. Sannan ka tuna da wanda ya turo. Wata takardar cikin gida ta Apple da ta fito a 2018 ta ce a shekarar 2017 an kama masu fitar da sirri 29, aka tsare 12 daga ciki. Kamfanoni sukan ba ma'aikata daban-daban kwafi mai ɗan bambanci, wannan a sauya masa lamba, wancan a sauya masa kwanan wata, don su gane ta inda ruwa ya zuba. Kai za ka sami masu kallo, shi ya rasa abinci.

TAMBAYA, daga wata baiwar Allah a Tudun Wada mai sharhin wayoyi a TikTok: Wani kamfani ya aiko mini da waya kafin ta fito, da takarda shafi uku in sa hannu. Me zan duba?

AMSA: Malama, wannan yarjejeniyar riƙe sirri ce, kuma kwangila ce cikakkiya, ko da ta waya kika sa hannu. Fara da lokacin da aka yarda ki saki bidiyo, rana da awa, da agogon wace ƙasa. Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, na Indiya da awa 4 da rabi, na Kalifoniya kuma yana bayanmu da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe 10 na safen Alhamis a Kalifoniya yamma ce liƙis a Zariya, wanda ya saki da safe ya karya alƙawari. Duba ko an raba matakai, domin wasu sukan yarda a nuna buɗe kwali yau, hotunan kyamara da farashi sai wani mako. Duba ko wayar kyauta ce ko aro, wa zai biya in ta fashe ko ta ɓata, nawa aka rubuta a matsayin diyyar saɓawa, da kotun ƙasar da za a je. Kotu takan ƙi adadin da aka sa don tsoratarwa kawai, amma sai kin shiga shari'a kafin ki ci wannan hujja, gara a rage shi tun a takarda.

Yawancin saɓawa ba da gangan ake yi ba. Yaron gida ya ɗauka ya sa a sitatus, ko ta fito a madubi a bayan wani bidiyon, ko an gwada ta da manhajar auna ƙarfi wadda ke tura sakamako intanet da kanta, ko an ɗora bidiyo a YouTube a matsayin wanda duk mai adireshinsa zai iya gani maimakon a kulle shi gaba ɗaya. Mai tace miki bidiyo ma ki sa shi ya sa hannu, domin laifinsa a kanki zai faɗa.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin injiniya: Mun ƙera injin casar masara mai aiki da hasken rana, mu uku. Abokinmu ya ɗauki bidiyo ya watsa, ya nuna har cikin injin. Yanzu muna son yin rajistar ƙirƙira. Ta yiwu?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu, domin a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Kwalejin Nuhu Bamalli, samfurin gwajin da ya fi yawan fallasa na gida ne, kuma masoya ne ke fallasa shi.

Dokar Rajistar Ƙirƙira da Zane ta 1970 ta ce sai abu sabo ake yi wa rajista. Sabo kuwa shi ne wanda ba a bayyana wa jama'a ba, a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani ko ta kowace hanya, kafin ranar shigar da takarda. Ba ta ware bayyanawar da mai abin ya yi da kansa ba. Rangwame ɗaya ta yi: in a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi aka nuna, cikin wata 6 kafin shigarwa. Facebook ba ya cikin wannan, baje kolin sashe a makaranta ma haka. Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya bayyana abinsa, shi ya sa shawarar da kuke gani a bidiyoyin can take ɓatar da mutane a nan.

Ba lallai komai ya lalace ba. Abin dubawa shi ne me bidiyon ya nuna. In wani maƙeri a Sabon Gari zai kalla ya ƙera irinsa, wannan ɓangaren ya tafi. In akwai abin da kyamara ba ta kama ba, kamar tazarar haƙoran ganga, ko saurin juyawarta, ko yadda kuka haɗa mota da batir, ko wani gyara da kuka yi daga baya, a kansa za a gina takardar. Siffar waje kuwa, wadda ake yi wa rajistar zane ta shekara 5 da sabuntawa sau biyu, hoto ɗaya ya isa ya kashe sabuntarta.

Akwai tarko a nan. Ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko abin sabo ne. Kuna iya samun satifiket mai hatimi, na shekara 20 in ana biyan kuɗin shekara-shekara, ku yi murna. Ranar da kuka kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya kan ya kwaikwaye ku, sai lauyansa ya kunna bidiyon abokinku da kwanan watansa ya nemi a soke rajistar.

Ku sauke bidiyon yau, amma ku ajiye kwafi da kwanan wata don lauya ya ga iyakar ɓarnar. Ku daina nunawa. Ku ukun ku rubuta wa ya kawo me da kason kowa. Ku duba ƙa'idar makarantarku, domin abin da aka ƙera da kayanta ko kuɗinta tana iya samun haƙƙi a ciki. Hukumar NOTAP, mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu bincike shigar da takarda. Ku yi sauri, domin doka tana ba wanda ya fara shigarwa ne. Bayan shigarwa kuna da wata 12 ku nemi rajista a wasu ƙasashe da ranarku ta farko, kuma kuna buƙata: rajistar Abuja ba ta aiki a Maraɗi, Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai ofishi a Yawunde.

TAMBAYA, daga wani mazaunin Palladan: In na ga ana gwada wani jirgi marar matuƙi ko motar soja na ɗauka, fa?

AMSA: Malam, mayar da wayarka aljihu. Wannan ba maganar kamfani ba ce, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ce, mai ɗauri har shekara 14, kuma ta haɗa da ɗaukar hoto a wuraren tsaro da aka keɓe. Abin da hukuma ta ƙaddamar da kanta, kamar jirgin Tsaigumi da Rundunar Sojin Sama ta nuna a Kaduna a Fabrairun 2018, kowa na iya magana a kai. Wanda ka hango ta kan katangar bariki daban ne.

TAMBAYA, daga wani ɗan jarida mai tasowa a Kongo: In na riga na wallafa, 'yan sanda suka zo, me zan yi? Za su iya tilasta mini in faɗi majiyata?

AMSA: Tambayi takardar izinin bincike, ka karanta adireshin da abin da aka ce a nema. Kada ka hana su aiki. Duk abin da suka ɗauka, waya, kwamfuta, memori, a rubuta shi da lambarsa a ba ka kwafi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana guda in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a Zariya akwai. Kada ka sa hannu a bayanin da ba ka fahimta ba. In da Hausa ka yi magana, a karanta maka abin da aka rubuta ta bakin tafinta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 duk sun hana kama mutum kan saɓa kwangila ko rikicin haƙƙi zalla, sun kuma hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. In ƙorafin bai wuce karya yarjejeniyar sirri ba, lauyanka ya faɗi haka tun a caji ofis. In ba ka da lauya, nemi Ƙungiyar Lauyoyi reshen Zariya ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Kada ka goge komai bayan ka ji ana nemanka. Ɓatar da shaida laifi ne mai zaman kansa, ga shi kuma ba ya amfani: sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu shekara 2, layinka kuma yana haɗe da lambarka ta NIN.

Batun majiya, kariyar ba ta cika ba. A farkon shekarun 1980 Babbar Kotun Legas ta goyi bayan Tony Momoh, editan Daily Times, lokacin da Majalisar Dattawa ta nemi ya bayyana majiyarsa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, ta ce ɗan jarida ba shi da wata kariya ta daban da ta wuce ta sauran 'yan ƙasa. Ɗan sanda ba shi da ikon matsa maka ka yi magana. Alƙali kuwa yana iya ba da umarni, ƙin bi kuma raina kotu ne. Saboda haka kafin ka ce wa mutum ba za ka taɓa faɗin sunansa ba, ka gaya masa iyakar abin da doka ta bar maka, kuma kada ka ajiye sunansa na gaskiya a wayar da kake yawo da ita.